Annobar Ɗa'un da Littattafan Zaurukan Bauchi

Duk ɗalibin da ya karanta Bulugul Marami a zaurukan malaman Bauchi ya san sunan Ibn Hajar. Kaɗan ne suka san cewa ɗa'un ta raba malamin nan na Masar da 'ya'yansa mata, har ya wallafa littafi sukutum a kanta, Bazlul Ma'un. Imam Suyuɗi, wanda ya kammala tafsirin Jalalaini da ake ja kowane azumi, ya zo daga baya ya taƙaita littafin. Ashe annobar da ta auku ƙarnoni kafin Malam Yakubu ya kafa birnin Bauchi a 1809 tana da sawu a karatunmu.

Babbar ɗa'un ta ɓarke tsakanin 1347 da 1351. Ƙuman jikin ɓeraye ne ke yaɗa ta, jiragen ruwan fatake kuma suka kai ta gari gari, ta halaka kusan sulusin mutanen Turai, ta kuma daki Sham da Masar da Magrib.

Marubuta sun tunkare ta ta fuskoki dabam-dabam. A Italiya, Boccaccio ya tsara Decameron: matasa goma sun tsere daga birnin Florence a 1348, suna ɗebe wa juna kewa da labarai ɗari. A Halab, Ibn al-Wardi ya rubuta risala yana bin cutar ƙasa ƙasa, ita ce kuma ta yi ajalinsa a 1349. Ibn Khaldun ya rasa iyayensa biyu a Tunis. Da ya zo rubuta Muƙaddima a 1377, sai ya ɗauki annobar a matsayin abin da ya sauya duniya, tambayarsa ta zama: me ke rusa dauloli?

Muhawara mafi zafi ita ce ta yaɗuwar cuta. Ibn al-Khatib na Andalus ya kafa hujja da abin da ido ya gani, cewa cuɗanya da majinyaci da tufafinsa na sa a kamu. Ibn Hajar bai yarda da haka ba, ya tsaya kan hadisan da suka hana shiga garin annoba ko fita daga cikinsa.

Da korona ta iso Bauchi a 2020, aka shiga jayayya kan rufe masallatai, wannan tsohuwar muhawara ce ta dawo. Magabata sun rubuta tasu, shi ya sa muke iya jin ta yau. Abin da Bauchi ta gani a lokutan sanƙarau da kwalara da zazzaɓin Lassa, shi ma yana jiran alƙalamin marubutanta.