Takardun Tahrir na 2003

Jama'a, in an ce Tahrir kowa 2011 yake tunawa. Amma tun 20 ga Maris 2003, ranar da Amurka ta fara ruwan bama-bamai a Bagadaza, dubban Misirawa suka cika dandalin, abin da aka daɗe ba a gani ba a mulkin Mubarak. Washegari Juma'a aka taso daga masallacin Azhar, 'yan sanda suka yi ta duka da kame.

Ni a shekarar aka haife ni, don haka takardun nake bi: 'yan takardun da aka raba hannu da hannu, da kwalayen da aka ɗaga. Wuyar samu gare su fa. Ƙarƙashin dokar ta-ɓacin da aka kafa tun 1981, takarda ɗaya a jaka tana iya kai mutum hannun jami'an tsaro, to wa zai ajiye? Na zaga kasuwar littattafai ta Azbakiyya, tsofaffin jaridu birjik, nasu kuwa ko ɗaya.

Cikin waɗannan masu zanga-zanga ne aka samu wasu da suka kafa Kifaya a 2004, mai 'yar sitika rawaya da ake mannawa a baki. Ita ma a hoto kawai na gan ta.