Baƙin Mai: Ran Famfon Wankin Mota Da Injin Iskar Masu Faci

Duk mai bin hanyar Birnin Ƙonni zuwa Illela, ko Maraɗi zuwa Jibiya ta Ɗan Isa, ya san akwai injuna biyu da ba a raba su da bakin kasuwa da tashar mota, wato injin iska na masu faci da famfon wankin mota mai fesa ruwa da ƙarfi. Ƴan kasuwarmu da dama na sayar da su, wasu kuma sun saya sun danƙa wa yara suna aiki, kullum yamma a kawo musu ciniki. Sai dai kukan da ake yawan ji shi ne injin bai shekara ba ya fara ƙara, ya fara zafi, daga nan ya tsaya. A zargi kamfani, a zargi yaro, alhali sau da yawa laifin yana wurin man da ake zuba masa.

Yadda cikinsa yake

Famfon wankin mota yana da fistin uku a jere, waɗanda ke tura ruwa ɗaya bayan ɗaya. A bayansu akwai akwatin ƙarfe, a cikinsa akwai sandar da ke juyawa tana tura su, a famfuna da yawa sau 1,450 a minti ɗaya. Wannan sanda da hannuwanta da boris ɗinta suna wanka ne a cikin mai, wanda galibi bai kai lita ɗaya ba. Babu matatar mai kamar ta mota, juyawar ƙarfen ce ke watsa man ko'ina. Don haka duk dattin da ya shiga, yana nan ciki har ranar juye, wanda wasu ke kira bidanji. Injin iska ma haka yake.

Mai karatu ya lura, mazubin mai biyu ne. Akwai na injin fetur ko gazuwal da ke ja, akwai na famfon kansa. Da yawa sukan yi wa na farko juye su manta da na biyu.

Nauyin da ke kan mai sayarwa

Sabon famfo yakan zo daga kamfani da murfi toshe a bakin mazubin mai, don kada man ya zube a hanya. A cikin kwalin akwai wani murfin mai ɗan rami na shaƙar iska, shi ake sawa kafin a tada injin. In aka bar na farko, mai ya yi zafi iska ta rasa mafita, sai ta tura man ta gefen robobi ya riƙa tsiyaya. Ɗan kasuwar da ya nuna wa mai saye wannan ya raba kansa da rigimar a dawo masa da kaya.

Wane mai za a zuba?

Takardar da ta zo da injin ita ce alƙali. Kamfanin Interpump na ƙasar Italiya yana umurni da 15W-40 a famfunansa da yawa, wasu kamfanonin kuma sun fi son SAE 30 wanda ba shi da sinadarin wanke inji. Injin iska mai fistin galibi yana son man da aka yi dominsa, mai lamba ISO 100. Dalili kuwa, man mota an haɗa shi ne don ya ɗauki datti ya kai wa matata. Inda babu matata, sai ya yi ta zagayawa da dattin yana goga wa ƙarfe. A injin iska kuma yakan ƙone ya bar baƙin gawayi a kan bawul, iska ta daina taruwa a tanki da wuri.

Babbar masifa ita ce man juye, wato wanda aka riga aka fitar daga mota, aka tace da tsumma aka zuba a kwalba ana sayarwa a bakin hanya. Tsumma ba ya tare garin ƙarfe. Araha ba ta ado. A sayi mai a galan ɗinsa mai hatimi, kuma kada a gauraya iri biyu.

Abin da ido zai gani

A jikin akwatin akwai ɗan gilashi, ko sandar awo a jikin murfi. Kowace safiya kafin a tada injin, a ajiye shi inda ƙasa ta daidaita a duba. Man ya tsaya a tsakiyar gilashin. In ya gaza, ƙarfe zai ci ƙarfe. In ya wuce, zai yi kumfa ya ƙara zafi.

A duba launinsa ma. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, kuma mafi yawa robobin da ke tare ruwa ne suka mutu, ko fistin ya tsage. A nan canza mai kaɗai ba zai yi magani ba, sai makanike ya canza robobin. In ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna, ya gaji. In kuwa aka murza shi a yatsa aka ga ƙyalƙyali, boris ne ya fara ci, a tsaida aiki tun kafin ɓarnar ta kai ga sandar.

Yaushe ake juye?

Kamfanoni da yawa sun ce juyen farko bayan awa 50 na aiki, saboda sabon ƙarfe yana zubar da gari. Daga nan sai duk awa 500, ko wata 3, duk wanda ya riga zuwa. Mai aiki awa 8 a rana zai cika awa 50 cikin mako guda, awa 500 kuma cikin wata biyu da ƴan kwanaki. Injin fetur ɗin da ke ja, irin Honda GX, nasa ya fi kusa: awa 20 da farko, sannan duk awa 100. A yi juyen injin na da ɗumi, don man ya fito da dattinsa, a rubuta ranar a jikin bango ko a littafin ciniki.

Yanayin ƙasarmu kuma yana rage waɗannan kwanaki. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, kuma masana harkar mai sun ce da zarar zafin mai ya wuce digiri 60, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewarsa. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke bi ta murfi da mazurari. A yi wa injin rumfa, a goge bakin mazubi kafin a buɗe, a ɓoye mazurari cikin leda.

Akwai wata ɗabi'a ta yaran wankin mota, su saki bindigar ruwan su bar injin na gudu suna goga sabulu. Ruwan da ke zagayawa a cikin famfon yakan yi zafi cikin ƴan mintoci ya dafa robobi, ta nan ruwa ke samun hanyar shiga mai. In za a dakata, a kashe. Masu faci kuma su buɗe ƙasan tanki kullum su zubar da ruwan da ya taru, su kakkaɓe matatar iska.

Lissafin ɗan kasuwa

Rufe iyakar Gaya da Malanbil a shekarar 2023 ya sa kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, ga tsawon hanya ga ƙarin kuɗin mota, kayan gyara ma ba su tsira ba. Injin da ya tsaya ranar Lahadin Illela ko Alhamis ɗin Maigatari ya jawo asara biyu, kuɗin gyara da cinikin ranar kasuwa. Kuɗin lita ɗaya ta mai mai kyau bai kama ƙafar ko ɗaya cikinsu ba.

Don haka mai sayar da injin ya ajiye man da ya dace da shi a shago, ya sayar da su tare. Mai injin kuma ya duba gilashin da idonsa, kada ya bar wa yaro. Tsohon man a tara shi a jarka, kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya, domin yana gurɓata ruwan sha. Allah ya sa albarka a kasuwa, amin.