Ɗan'uwa Rabin Jiki: Ashe Maganar Tana Da Lissafi

Idan tumatir ya nuna a Kadawa, ko alkama ta isa yanka a Kura da Bunkure, manomi ba ya iya aikin shi kaɗai. Wa yake fara kira? Galibi ɗansa ne, ko ƙanensa da suke ciki ɗaya.

Masana sun bincika dalili. A jikin kowane mutum akwai ƙwayoyin gado. Su ne ke sa yaro ya ɗauko kamannin iyayensa, rabi daga uwa, rabi daga uba. Uba da ɗansa sun haɗa rabi. Shaƙiƙai ma kamar rabi ne. Waɗanda suka haɗa uba kawai, kashi 1 cikin 4 ne. 'Ya'yan wa da ƙane kuwa, 1 cikin 8. A shekarar 1964 wani masani ɗan Ingila mai suna Hamilton ya nuna cewa mai rai ya fi saurin taimakon wanda ya fi kusa da shi a jini.

Bahaushe ya daɗe da lura da haka. Wanda kuka haɗa uwa shi ne asalin ɗan'uwa. Amma da an ce 'yan ubanci, kowa ya san kishi ake nufi.

Lissafin ya fi fitowa a gandu. Wata Baturiya, Polly Hill, ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, sannan a Ɗorayi ta gundumar Kumbotso a 1971 da 1972. Ta ga gandun uba da 'ya'yansa ya fi yawa. Idan uba ya rasu, gandun 'yan'uwa ba ya cika daɗewa. Ba lallai ne ƙiyayya ta shiga ba. Kowa ya fara tara iyali, gona kuwa ba ta ƙaruwa. Ɗan cikinsa rabi ne, ɗan wansa 1 cikin 4. Sai hankali ya koma ga nasa, a raba gona.

Sai dai jini ba shi kaɗai ke aiki ba. Yaron riƙo yakan fi wani ɗan ciki jin ƙan mai gida. Gayya ma ba ta tambayar dangi. A noman rani kuwa, tun da ruwan Tiga ya iso bayan gama madatsar a 1974, maƙwabcin da kuke shan ruwan kwata ɗaya shi ne zai buɗe maka ruwa ranar da ka kwanta ciwo, ko da ɗan'uwanka na can birni yana kasuwa.