Ciwon Ɓarin Kai da Magungunanmu na Gida

A makarantarmu ta yaƙi da jahilci, nan Allakaye, akwai wata ɗaliba, uwar ɗiya biyar, wadda ba ta wasa da karatu. Amma kowane wata sai ta yi fashin kwana biyu ko uku. Da na tambaya, sai aka ce ɓarin kai ne ya tashi. Tana ɗaka kwance, ta ɗaure kai da kallabi, ko ƙarar daka ba ta son ji. Ranar da na tada maganar cikin aji, mata shida suka ce su ma suna fama da shi. Shi ya sa na kawo zancen cikin jaridarmu.

Ƴan'uwa, ciwon ɓarin kai daban yake da sauran ciwon kai. Yawanci gefe guda yake kamawa, yana sara kamar ana buga ganga a ciki. Yana zuwa da tashin zuciya, wani lokaci har da amai. Mai shi ba ya son haske, ba ya son hayaniya. Yakan ɗauki awa 4 har zuwa kwana 3. Wasu kafin ya sauka sai su riƙa ganin walƙiya-walƙiya a ido. Likitoci sun ce wajen mutum 1 cikin 7 a duniya yana da shi, kuma mata sun fi maza kusan sau uku. Yakan bi jini, uwa ta ba ɗiyarta. Ba iska ba ne, ba sammu ba ne.

Abin da ke tada shi duk mun san shi a ƙasar Adar. Cikin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Mace ta fita da asuba, ta hau dutse ta sauka wajen neman ruwa ko itace, ba ta sa komi a ciki ba. Ta dawo ta zauna cikin hayaƙin murhu. Yunwa, ƙishirwa, rana da rashin barci, su ne manyan abokansa. Ga mata da yawa kuma yana bin kwanakin al'ada.

To, me ke taimako? Na farko citta. Kakanninmu sun daɗe suna dafa ta saboda tashin zuciya, kuma likitoci sun gwada ta. A shekarar 2014 aka buga sakamakon wani gwaji na ƙasar Iran a kan mutum 100 masu ɓarin kai. Rabi aka ba su garin citta miligiram 250, wato abin da bai kai kwatan ƙaramin cokali ba. Rabi aka ba su ƙwayar asibiti mai suna sumatriptan. Bayan awa 2, sauƙin da suka samu ya zo kusan ɗaya. Amma kada mu ɗora wa citta kayan da ba ta iya ɗauka. Daga baya a ƙasar Barazil an gwada shan ta kullum don rigakafi, ba a ga ta hana ciwon zuwa ba. Amfaninta shi ne a sha da wuri, da zarar an ji alamar. A dama garin cikin ruwan ɗumi ko kunu. Wanda ya jira sai amai ya fara, ya makara.

Bayan citta, sai a sha ruwa sosai, a shiga ɗaki mai duhu, a jiƙa tsumma da ruwan randa a ɗora a goshi da ƙeya. Idan barci ya samu, sau da yawa shi ke yanke ciwon. Ni a ganina wannan ya fi duk wani saiwa, kuma ba ya cin ko dala. Abin da yake ci shi ne haƙurin maigida da na kishiya, su bar mace ta kwanta ba tare da an ce lalaci ba ne.

Tsofaffi suna kwaɓa lalle su shafa a goshi. Sanyinsa yana kwantar da rai, kuma yawanci ba ya cutarwa idan ganyen lalle ne tsantsa. Na'ana'a da man shafawa mai sanyi su ma haka, sai dai a kiyaye ido. Shayi kuwa kaifi biyu gare shi. Kofi guda a farkon ciwo yana taimako. Amma samarinmu da ke kwana bakin buta, ranar da suka rasa shi, kan ne zai tambaya.

Akwai abu biyu da nake roƙon mu bari. Na ɗaya, tsaga a gefen ido wai don a fidda mugun jini. Ciwon ba cikin jinin fata yake ba, kuma aska ɗaya da ta taɓa mutane da yawa tana iya ɗauko ciwon hanta ko sida. Na biyu, ƙwayoyin masu talla bisa faranti, waɗanda rana ta gasa, musamman tramol, mai kama mutum ya kasa bari. Ko farasitamol mai kyau, idan ana shan shi kwana 15 ko fiye a wata, shi da kansa yana haddasa ciwon kai na kullum.

Kuma ba kowane ciwon kai ake zama a jiƙa wa citta ba. Ciwon kai da zazzaɓi da ƙagewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara, alamar sanƙarau ce. Ba mu manta da 2015 ba, shekarar da ya kashe fiye da mutum 500 a Nijar. Mai ciki da kanta ke sara, ƙafafu da fuska sun kumbura, ko tana gani dishi-dishi, a kai ta gidan likita ran nan, a auna jininta. Haka wanda ciwon ya faɗo masa farat ɗaya kamar tsawa, ko hannu ya mutu, ko baki ya karkace. Idan abin ya fi ƙarfin likitanmu na gari, shi zai tura Buza ko Madawa.

Ita kuwa ɗalibar tamu, na ce ta ware shafi guda a littafinta. Duk ranar da ciwon ya zo ta rubuta kwanan wata, da abin da ta ci, da inda ta je. Bayan wata uku muka duba tare. Ashe yana zuwa ne gab da al'adarta, da kuma ranakun da ta tafi itace ba ta karya kumallo ba. Yanzu ba ta fita sai ta sha fura, kuma garin citta yana ƙulle a bakin zanenta. Ciwon bai rabu da ita ba. Amma watan jiya kwana ɗaya kaɗai ta yi fashi, kuma ta kai wa likita shafin nan ya karanta rubutun hannunta.