Shin Ko Kun San? Yadda Mutanen Sukur Suka Rayu a Kan Dutse

Shin ko kun san cewa wuri na farko a Najeriya da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin wuraren tarihi na duniya ƙauye ne a kan dutse? Sukur ke nan, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, cikin tsaunukan Mandara da ke kan iyakarmu da Kamaru. A 1999 aka ba shi wannan matsayi. Wurin ya fi mita 1,000 bisa doron teku, kuma har yau da ƙafa ake hawansa.

Hanyar hawan ita kanta abin kallo ce. Kakannin mutanen Sukur sun shimfiɗe ta da falalen duwatsu tun daga gindin tsaunin har zuwa fadar sarkinsu, wanda suke kira Hidi. Inda gangare ya yi tsanani sai su jera duwatsun su zama matakala. Ba siminti, ba injin ɗaga kaya, ƙarfin damtse ne kawai da aikin gayya.

Shin ko kun san cewa katangun fadar Hidi dutse ne a kan dutse, babu ƙasar da ta riƙe su? Magini zai ɗauki dutse ya juya shi, ya sake juyawa, har sai ya sami fuskar da za ta zauna daram a kan na ƙasa, sannan ya cusa ƙanana a tsakani. A cikin fadar akwai ƙofofin dutse, da ɗakunan matan sarki, da rumbuna, da wuraren zaman shari'a da na bukukuwa. Gidan talaka ma haka tsarinsa yake, sai dai ƙarami: ɗakuna masu da'ira, gindinsu dutse, samansu laka, rufinsu jinka, sun cure wuri guda cikin katanga mai ƙofa ɗaya. Rumbu yana can ciki inda baƙo ba ya kaiwa, domin a kan dutse wanda ya rasa hatsinsa ya rasa shekararsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗakin sa, wato bijimi. Ana haƙa rami a cikin gida, a ɗaure gefensa da duwatsu, a yi masa rufi, sai a shigar da ɗan maraƙi. A nan zai zauna ana kai masa ciyawa da ruwa da dusar giya, ba ya fita kiwo, har ya zama ƙaton bijimi. A wajen maƙwabtansu Mafa na ɓangaren Kamaru, san kan yi shekara biyu zuwa uku a turke, har sai an fasa bango kafin a fito da shi ranar bikin da suke kira Maray. Akwai hikima a cikin wannan. Filin kiwo ya yi ƙaranci a kan tsauni, dabbar da ke cikin gida ta tsira daga ɓarawo da mahara, ga kuma taki yana taruwa wuri guda ana kwashewa zuwa gona.

Gonar fa? Hawa-hawa take. Suna yanka gangaren dutse su gina ƙananan katangu da za su tare ƙasa da ruwan sama, kowane hawa wani lokaci bai fi faɗin tabarma ba. A nan suke shuka dawa da gero da wake. Kowace shekara kafin damina sai an bi katangun an gyara inda ruwa ya ture, in ba haka ba ƙasar da aka yi shekaru ana tarawa za ta bi ruwa ta gangare.

Shin ko kun san cewa arzikin Sukur na da daga ƙarfe ya fito? Bayan ruwan sama, sai a bi ƙoramu ana tattara baƙin yashi mai ɗauke da tama, a wanke shi, a narka da gawayi da zuga-zugi. Fatake daga ƙasar Borno da kewaye kan zo sayen sandunan ƙarfen da ake ƙera fartanya da su. Sana'ar ta mutu wajen 1960, lokacin da tarkacen ƙarfen motoci ya cika kasuwanni da araha.

Sunan garin ya shiga rubuce-rubucen Turawa tun 1851, lokacin da Heinrich Barth ya ji labarinsa a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola. Harshen mutanen Sukur kuma ɗan dangin Hausa ne, domin dukansu suna cikin rukunin harsunan Cadi.

Me ya sa mutum zai zaɓi wannan wahala ta zama a kan dutse alhali ga fili a ƙasa? Tsaro na cikin manyan dalilai. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar littafin da aka riƙa rubuta masa al'amuran yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, kuma a ciki akwai lissafin hare-haren da ya tura kan mutanen duwatsu, har da Sukur, da bayin da aka kamo. Turawan Ingila sun tuɓe shi a 1927. Bayan an sami zaman lafiya ne jama'a da dama suka sauko, har aka sami Sukur Sama da Sukur Ƙasa.

Abin takaici, a Disamban 2014 'yan Boko Haram sun hau dutsen, suka ƙona gidaje da wani ɓangare na fadar. Jinka ta ƙone, amma katangun dutse sun tsaya, mutane kuma suka dawo suka sake rufi. Ya kamata gwamnatin Adamawa da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa su tallafa wa dattawan da suka iya wannan gini su koya wa matasa tun suna da rai.