Bulon ɗin da kansa ya cinye

A kowane gareji da ke bakin hanyar Yamai zuwa Damagaram ana iya tarar da mota ta kwana biyu da murfin inji a buɗe, direba na zaune a inuwa, mai kaya kuma na lissafin ranar kasuwar da ta wuce shi. Sau da yawa abin da ya tsai da su ƙarfe ne da bai fi ɗan yatsa ba: bulon da tsatsa ta kama, kansa kuma ya sulɓe.

Kan bulon kusurwa shida gare shi. Lakile mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kaɗai take riƙewa, saboda haka in yaron gareji ya danna da ƙarfi, mai mota na tsaye kansa yana gaggauta shi, sai ta zame ta gutsire kusurwa. Zamewa biyu ko uku, kan ya zama kamar ƙwallon goruba. Laifin da ake ɗora wa tsatsa, rabinsa na gaggawa ne.

Tsohon makaniki ba ya farawa da ƙarfi. Yakan kankare wurin, ya ɗiga gazuwal ko man sassauta tsatsa, ya bubbuga kan da guduma, ya tafi sallah ya dawo. Sannan ya ɗauko lakile mai rufaffen baki wadda ta ɗan fi kan ƙanƙanta, misali ta 12 a kan bulon na 13, ya kafa ta da guduma. Yakan ɗan ƙara ɗaurewa tukuna, domin tsatsar ta tsage, kafin ya juya baya. In abin ya ƙi, sai cizal a gefen kai.

Bayan haka sai wuta, kuma nan ne haɗarin yake. Zafi na buɗa ƙarfen da ke kewaye, amma kan injin Peugeot 504 mai shan fetur na alminiyom ne, wanda ke narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗi mutum ba. Shi ya sa gwanaye suka fi son kiran mai walda ya liƙa noti a kan guntun bulon: zafin ya shiga inda ake so, lakile kuma ta sami sabon wurin kamawa. Kafin a kunna walda ana cire wayar batir, a kuma kare bututun mai.

Hudawa da inji ita ce ta ƙarshe. Hannu ya karkace kaɗan, haƙoran ramin sun tafi, magana ta koma gyaran kan inji ko sayen wani. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, sa'ad da kuɗin Faransa ya ninka a kanta dare ɗaya, sun san abin da hakan ke nufi ga aljihu.

In bulon ya fita, makanikin kirki ba ya mayar da shi. Yakan sa sabo, ya shafa masa ɗan giris, ya miƙa wa mai mota tsohon ya gani da idonsa.