Kula da Injin Babbar Mota Lokacin Bazara

A watannin Maris da Afrilu zafi yakan tsananta a Abuja, manyan motocin ɗaukar tsakuwa da yashi kuwa su suka fi jin jiki. Ya kamata kowane direba ya sani cewa ragar na'urar sanyaya mota tana gaban lagireto, iska ɗaya ke ratsa su. Idan ƙura ta toshe ragar, sai inji ya ɗau zafi, sanyin kuma ya ɗauke. Saboda haka a riƙa wanke ta, a duba ruwa da belin fanka kowace safiya. In allurar zafi ta hau, direba ya kashe na'urar, ya ratse gefen hanya. Kada ya buɗe murfin lagireto sai inji ya huce, domin tafasasshen ruwa yana ƙona fuska. Rigakafi ya fi magani.